Katangar da Yaya Ya Gina

Zuwa ga Yaya,

Assalamu alaikum. Ina fatan kana lafiya, ya aiki, ya kuma bayan nan naka da ka ce yana riƙe ka in ka daɗe a tsaye? Ni lafiya ƙalau, in ban da ɗan yatsan hagu da ya targaɗe a wurin atisaye, shi ma na naɗe shi da filasta ya yi sauƙi. Na leƙa gida kafin mu shiga sansani, na sami Umma lafiya, ta ce in gaishe ka, kuma ka rage shan ruwan sanyi.

Kada ka yi mamakin ganin takarda. Koci ne ya karɓe wayoyinmu kaf, ya zuba a akwati ya kulle a ofishinsa, ya ce babu mai ganin tasa sai an gama gasar jami'o'i. Don haka na koma biro da gidan waya kamar wani tsoho.

Yaya, akwai maganar da nake so mu yi, ban san ta inda zan fara ba. Shafin nan da ka buɗe min, wanda ka sa wa suna Katanga, ina leƙa shi a kwamfutar laburare in na fito daga lacca. Na gode, wallahi na san wahalar da kake sha wajen yanko bidiyoyin wasanninmu daga shafin makaranta kana haɗawa. Yanzu har malamin lissafinmu da Katanga yake kirana.

Amma ka ji abin da ya faru a atisaye. An bugo min ƙwallo mai sanyi, daidai ƙirji, wadda zan kama a tsaye ba tare da na ɗaga ƙafa ba. Sai kawai na ga na yi tsalle, na faɗi da ita, na yi birgima har sau biyu. Koci ya hura usur, ya tako har bakin raga, ya ce, "Wa kake yi wa wannan? Yau babu kyamara." Yara suka yi ta dariya. Ni kuwa jikina ya yi sanyi, don gaskiya ya faɗa. A lokacin da ƙwallon ke tahowa, abin da ke kaina shi ne yadda za ta fito in ka yanka ka sa mata kiɗa.

Sannan maganganun da kake rubutawa kamar ni nake faɗa. Yaya, ni ban taɓa cewa ba a haifi mai zura min ƙwallo ba. Jiya ma an zura min uku a atisaye, ɗaya daga mai tsaron baya.

Ba wai ban ji daɗi ba ne. Amma don Allah ka bar shafin nan haka.

Ƙaninka,
Auta

Zuwa ga Auta, Katanga sha kallo,

Wa alaikumus salam. Na ga takardarka, har abokan ɗakina suka yi ta tsokanata wai budurwa ce ta rubuto. Lafiyata lau, bayan dai yana nan yana gaishe ni kowace safiya. Ka kula da yatsan nan, hannunka shi ne jarinmu. Ka ce wa Umma ruwan sanyi ne kaɗai abin da ake ba mu kyauta a nan.

Ka ce in bar shafin haka, to na bar shi. Da har ina shirin canja hoton sama da launin rubutun, amma tunda kana son shi yadda yake, ban taɓa komai ba.

Maganar koci kuwa, rabu da shi. Mutanen da ne, a zamaninsu ko gola ya kama wuta da hannu babu wanda ya gani. Yanzu wanda ba a gani ba, bai yi ba. Birgimar nan da yake rainawa ita ce take tsayar da yatsan mutum in yana jan waya. Kana tsammanin masu neman 'yan wasa za su shigo filin makarantarku su zauna a rana? A waya suke nemansu, Auta.

Ka san yadda nake yi? In an ba mu hutun cin abinci a sito, kowa ya nemi kwali ya miƙe, ni sai in zauna a kan katakon ɗora kaya, abinci a cinya, waya a hannu. Kafin a kaɗa ƙararrawa na yanka na ɗora. Kafin in sauke motar gaba mutane sun fara magana. Bidiyon da ka yanke ɗan gaban nan da ƙafa ka bar shi a zaune, ya fi kowanne tafiya. Akwai wata tsohuwa da take rubuto addu'a kullum, ta ce jikanta gola ne shi ma.

Na ga an fitar da jadawali, ku da kwalejin fasaha a wasan kusa da na ƙarshe. Lamba taransu yana da shafi shi ma, yana ta cika baki. Na ba shi amsa da bakinka. Na rubuta: "In lamba tara ya zura min ƙwallo, zan cire safar hannuna a tsakiyar fili in miƙa masa." Ka ga yadda wuri ya kama da wuta kuwa? Har shafukan wasanni sun ɗauka.

Ka dage. Duk duniya kai take kallo.

Yayanka

Yaya,

Gaisuwa a gurguje, ina fatan kana lafiya. Yatsa ya warke.

Ba abin da nake nufi ke nan ba. Da na ce ka bar shafin haka, cewa nake ka dakata, ya isa. Kunya ce ta hana ni faɗa maka kai tsaye.

Maganar safar hannun nan ta riga takardarka zuwa. A bakin masu share fili na fara ji. Koci ya kira ni ya tambaye ni ko ina da wata waya a ɓoye, har ya sa aka bincike jakata a gaban yara. Don girman Allah ka goge ta kafin ranar wasa. Ka rubuta cewa wasa ne, ko ka ce kuskure ne, ko me ka ga dama. Ba na iya barci sosai, abinci ma turawa nake.

Ban san yaushe wannan za ta same ka ba.

Auta

Zuwa ga Yaya,

Assalamu alaikum. Ina fatan lafiya ce ta sa shiru. Ni jikina lafiya.

Na san ka riga ka gani, amma ka gan shi ne daga inda kyamara take. Bari in faɗa maka daga inda nake tsaye.

Filin ya cika tun kafin mu fito ɗumama jiki. 'Yan kwalejin fasaha sun zo da ƙyalle, sun zana katanga da guduma a kai. Duk lokacin da na taɓa ƙwallo sai su ɗaga hannuwa suna kaɗawa, suna cewa, "Cire, cire." Duk da haka na riƙe kaina har aka je hutun rabin lokaci babu ci. Na tare guda biyu masu kyau, ɗaya da ƙafa, ɗaya na doke ta ta saman raga. Waɗannan ban ga kowa yana yaɗa su ba.

Ana dab da tashi, Dogo, mai tsaron bayanmu, ya maido min da ƙwallo. Fas ne mai kyau, a ƙasa, a ƙafar dama, irin wanda yake ba ni kullum tun shekararmu ta farko. Lamba tara ya taho a guje. Ina jin koci yana ihu daga benci, "Fitar da ita." Abin da zan yi ke nan, in narka ta gaba a wuce wurin. Amma Yaya, a wannan ɗan tsakanin sai bidiyon nan ya faɗo min a rai, wanda ka ce ya fi kowanne tafiya. Na ce in na yanke shi a gaban wannan taron, ƙyallen nan zai sauka. Na ja ta hagu, ta maƙale a ƙarƙashin takalmina. Lamba tara ya zare ta, bai ma buga da ƙarfi ba. Turawa ya yi, ya bi ta a hankali har cikin raga.

Bai yi murna ba, bai yi gudu ba. Ya juyo ya tsaya a gabana, ya miƙo hannu.

Da aka tashi ya sake zuwa, da mutanensa da wayoyinsu a sama. Ba da rashin kunya ya yi magana ba ma. Cewa ya yi, "Kai ka yi alkawari, ɗan'uwa." Me zan ce? In ce ba ni ba ne, alhali ga hotona ga sunana? Na ɓalle safar hannun duka biyun na ba shi. Waɗanda ka aiko min ne, masu kore a yatsu.

A ɗakin canja kaya babu wanda ya zage ni. Da ma sun zage ni. Dogo ne kaɗai ya dafa kafaɗata ya ce, "Ya wuce, gola." Koci bai ko dube ni ba.

Kada ka rubuta komai a shafin. Komai.

Auta

Auta,

Salam. Ina lafiya, ina fatan kai ma ka ware. Takardunka biyu rana ɗaya suka iso, bayan an gama komai. To ina laifina? Da tun farko ka rubuta min a fili, da ba a kai nan ba. Mutum ya ce ka bar abu haka, ni kuma in yi duba in gane nufinsa?

Na kalli bidiyon ya fi a ƙirga, kuma ina gaya maka a matsayina na wanda ya fi ka nutsuwa yanzu: wannan fas ɗin bai kamata a ba gola shi ba ana dab da tashi. Mai tsaron baya mai hankali waje zai fitar. Tun daren wasan, kafin takardarka ta zo, na riga na gyara maka zance. Na rage gudun bidiyon, na zagaye Dogo da jan layi, na rubuta: "Gola shi kaɗai ba ya tsare gida in na cikin gida ne suka buɗe ƙofa." Mutane da yawa sun fahimta yanzu.

Masu kiranka Kwando kuwa, ina nan da su ɗaya bayan ɗaya. Babu wanda ya zage ka ya tafi ban rama ba. Har shugaban sashenmu ya kama ni da waya a bayan kwalaye ya ba ni gargaɗi, ban damu ba. Wa zai tsaya maka in ban tsaya ba?

Kuma ka ji abin da ba ka sani ba. Mabiyan shafin sun ninka tun daga ranar. Wanda ya zo dariya ma ya zo, kuma yana nan bai tafi ba. Zagi ne ko yabo, sunanka dai ake kira. Wata rana za ka gode min.

Na sayi sabuwar safar hannu, ta fi waccan, tana hanya.

Yayanka mai ƙaunarka

Yaya,

Na sami takardarka. Lafiyar jiki dai akwai. Umma na lafiya, maƙwabta sun nuna mata bidiyon, ta kira ni tana tambaya ko wani ne ya ƙwace min kaya.

An maido mana da wayoyi. Na zauna a bakin gado na karanta duka, daga sama har ƙasa. Na san bai kamata ba, amma na kasa ajiyewa. Ashe kunnuwana manya ne, Yaya? Ashe ƙafafuna kamar na sauro suke? Na girma da su ban sani ba. Yanzu in na shiga banɗaki goge baki, kaina a ƙasa nake yi don kada in haɗa ido da madubi. Wani ya haɗa hotona da kwandon wanke-wanke, an manna shi a ƙofar ɗakinmu.

Wannan duk zan iya haɗiyewa, ni na jawo. Amma Dogo fa?

Mutanenka sun bi shi har shafinsa. Sun ce an saye shi. Sun samo shafin ƙanwarsa da ke sakandare sun zazzage ta, yarinyar ta daina zuwa makaranta. A ɗakin cin abinci ya same ni, ya ajiye wayarsa kusa da farantina, ya ce, "Karanta min da bakinka."

Na ce, "Dogo, wallahi ba ni na rubuta ba."

Ya ce, "To wa?"

Na ce, "Yayana ne ke riƙe da shafin."

Ya yi wata dariya mara daɗi, ya ɗauki wayarsa, ya ce, "Har wannan ma fas ka bayar." Tun daga ranar bai sake min magana ba. Mutumin da ya dafa ni lokacin da kowa ya kau da kai. Fas ɗinsa ba shi da aibu, Yaya, kai ma ka sani, don ka rage gudun bidiyon ka gani da idonka.

Wasan neman na uku a benci na kalle shi. A atisaye ma abin ya lalace. Ƙwallon da yaro zai kama sai in ga ta dake ni a ƙirji ta faɗi. 'Yan baya sun daina maido min da fas ko a wasan motsa jiki, gara su fitar da ita waje.

Ina roƙonka abu ɗaya, kuma wannan karon a fili nake rubutawa don kada a ce ba a gane ba. Ka turo min kalmar sirrin shafin. Zan ba Dogo haƙuri a inda aka ci mutuncinsa, sannan in rufe shi gaba ɗaya. Na kira ka a waya ba ka ɗauka ba, shi ya sa na sake komawa takarda.

Auta

Auta,

Na san na daɗe ban amsa ba. Bayan ne ya kwantar da ni, aka ba ni hutun dole, ina ɗaki ni kaɗai daga safe har abokan ɗaki su dawo. Yanzu da sauƙi, na koma aiki. Kiranka ina gani, ban ɗauka ba ne don kada in faɗi abin da zan yi nadama.

Takardarka ta yi min zafi. Ka rufe? Haka kawai, kamar famfo?

Ka san yadda nake zaune a nan kuwa? Babu wanda ya san sunana a siton nan. Da lambar da ke bayan rigata ake kirana. In tashi in hau mota, in ɗauki kwali in ajiye kwali, in dawo ɗakin da mutum huɗu ke numfashi a ciki. Amma in na buɗe shafin nan, akwai masu cewa ina kwana. Akwai masu jira su ji me za a ce. Da nake kwance ina kallon silin, su ne suka ɗebe min kewa, ba kai ba. Kai ka tsaya a raga, na yarda, amma Katanga ni na gina shi, bulo bayan bulo, a lokacin da ya kamata in huta. Kafin shafin nan wa ya san ka in ban da masu share fili?

Na goge maganar Dogo, tunda ta dame ka. In wasu sun riga sun ɗauki hotonta suna yawo da ita, wannan ba a hannuna yake ba. Kalmar sirri kuwa ba zan bayar ba yanzu, don a cikin fushi kake, za ka rusa abin da zai amfane ka gobe. In ka huce ma yi magana.

Na riga na fara wani sabon shiri, mutane suna son labarin wanda ya faɗi ya tashi. Na sanar da su Katanga zai dawo. Ka sa sabuwar safar hannun, ka tsaya a bakin raga da safe lokacin da haske ke da kyau, a ɗauke ka kana murmushi, ka turo.

Yayanka

Zuwa ga Yaya,

Assalamu alaikum. Allah ya ƙara sauƙi. Ni ma ina lafiya.

Da ka hana ni, sai na buɗe nawa shafin da sunana na yanka. Na jingina waya da littattafai a kan tebur, na zauna, na yi magana da bakina. Na ce kuskuren nawa ne ni kaɗai, fas ɗin Dogo lafiyarsa ƙalau, a ƙyale shi da ƙanwarsa. Na ce ban taɓa rubuta ko kalma ɗaya a wancan shafin ba. Ban ambace ka ba.

Bai kwana biyu ba aka rufe shi. Mabiyanka ne suka yi ta kai ƙara, aka aiko min da saƙo cewa ina kwaikwayon wani sanannen ɗan wasa. Na je shafinka sai na ga ka maƙala sanarwa a sama, cewa a yi hattara da shafukan bogi, Katanga ɗaya ne. Na yi ta neman uzurin da zan ba ka. Na ce ko ba ka buɗe bidiyon ba ne. Amma fuskata ce a kai tun kafin a danna, Yaya, kuma babu wanda ya kai ka sanin fuskar nan.

Dogo bai gani ba kafin a sauke. Na same shi a bakin laburare na miƙa masa wayata ya kalla, ya ce ba ya bukata.

Koci ya kira ni ofis a makon jiya. Bai ɗaga murya ba. Ya ce golan da ke tsoron ƙwallo yana iya gyara shi, amma ba zai sa mutum a bayan 'yan bayan da ba su yarda da shi ba. Babu ni a kakar baɗi. Ɗakin 'yan wasa ma na fita, na koma wani a bayan makaranta, mu uku, babu wanda ya damu da ƙwallo a cikinsu. Karatuna dai zan ƙarasa, in Allah ya yarda. Umma na gaya mata karatu ne ya yi yawa na ajiye wasa. Kai ma abin da za ka gaya mata ke nan in ta tambaya, kada ta ji baki biyu.

Safar hannun tana cikin ƙunshin nan, ban buɗe ledarta ba. Hoto kuma babu, kada ka jira.

Yau da safe wani yaro ɗan aji ɗaya ya tare ni a kan bene, ya nuna min wayarsa da murna, ya ce ya ga na kusa dawowa. Na ce masa ni ma a nan na gani.

In Katanga ya dawo, ka gaishe min da shi.

Auta